Tiyata, allurar wata uku, kulle, ko a bar ta ta yi ta haihuwa: wanne ya fi wa kyanwarka?

Duk mai kyanwa a gida akwai ranar da wannan maganar zata iso masa ko yana so ko baya so. Kyanwa ta kai wata biyar ko shida sai kawai ta canza, kuka dare da rana, birgima a ƙasa, tana ɗaga ƙugu tana karkatar da jela gefe, ga muzurai sun cika kan katanga suna faɗa har asuba, maƙwabta sun fara guna-guni. Wasu ma ɗauka suke ciwo ne ko wani abu ya taɓa ta, alhali barbara kawai take nema.

Daga nan shawara take rabuwa huɗu. Wani yace a kaita asibitin dabbobi a mata aiki a huta, wata tace ai allurar wata uku ta mata ake musu kuma tana yi, wani yace kulle ta kawai a ɗaki har abin ya wuce, wani kuma yace haba ku bar baiwar Allah ta haihu mana. Ni dai tun farko gara in faɗi inda na tsaya, ga kyanwar gida wadda ba kiwon sayarwa ake da ita ba, aikin tiyata a hannun ƙwararren likita kafin ta cika wata biyar zuwa shida ya fi sauran ukun nesa ba kusa ba, kuma allurar nan da ake ganin tana da sauƙin kuɗi ita ce tafi kowanne haɗari. Amma kowace hanya tana da inda take da hujja, kuma tiyatar ma tana da nata nauyin, so bari mu bi su.

Kafin nan, in ka je asibitin dabbobi ko ka shiga intanet kana bincike kalmomi biyu na Turanci zaka yi ta cin karo dasu, spay da neuter, kuma ya kamata ka sansu tunda aikinsu ba ɗaya ba kuɗinsu ba ɗaya ba. Spay ta mace ce kaɗai, a buɗe ciki a cire ma'ajiyar ƙwai guda biyu, yawanci har da mahaifar. Neuter kuma a Amurka galibi namiji ake nufi, amma a Ingila suna faɗinta ga mace da namiji duka, in suna son ware namiji sai suce castrate. Amurkawa a hira sukan ce fix, mutanen Ostireliya kuma desex suke cewa. Na namiji shine fiɗiyar da muka sani, a cire 'ya'yan maraina. To in kana tambayar kuɗi ta waya ka faɗi jinsin kyanwar da watanninta, ka kuma tambayi likitan me zai cire takamaimai, dalilin wannan tambayar zai zo a gaba.

Abin da yawancin mutane basu gane ba shine saurin haihuwar kyanwa. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, wato ita kanta bata gama girma ba. Cikin kwana 63 zuwa 65 ne kawai. Kowace haihuwa 'ya'ya uku zuwa biyar, wani lokacin sufi haka, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, tana cikin shayarwa ma zata iya sake ɗauka bayan 'yan makonni. A ƙasashen Turai in sanyi ya shigo rana ta gajarce kyanwoyi sukan ɗan huta saboda tsawon hasken rana ne yake tada musu abin, mu kuwa nan tsawon rana bai bambanta sosai tsakanin rani da damina, shi yasa namu kusan duk shekara a shirye suke. Sannan kyanwa bata san wannan ɗana ne ko wannan ɗan'uwana ne ba, in ka ajiye wa da ƙanwa a gida ɗaya kace ai 'yan uwa ne, zaka wayi gari da ciki.

Toh mu fara da barinta ta haihu tunda shine abin da akasarinmu muke yi ba tare da mun zauna mun zaɓe shi ba. Ba ka kashe ko sisi a ranar, babu wuƙa babu allura, kuma wallahi 'ya'yan kyanwa akwai daɗin kallo, yara suna murna. Haihuwar farko kowa yana so, ƙawaye da 'yan uwa su karɓe. Ta biyu sai an yi roƙo. Zuwa ta uku ta huɗu babu mai karɓa, kuma a nan ne abin da yake ci min rai yake faruwa, a zuba su a kwali ko buhu a ba yaro ko almajiri ya kai bola ko bakin kasuwa, wasu idonsu ma bai gama buɗewa ba. Ɗan kyanwar da bai kai wata ɗaya ba bazai iya cin komai ba sai nono, in aka raba shi da uwar yunwa da ƙishi ne zasu kashe shi a hankali. Mu da muka taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare bata ciyar da ita ba, bai kamata wannan ya zame mana abin da aka saba ba. Ita ma uwar haihuwa a jere tana cinye ta, zaka ga ta rame gashi yana zuba, ƙuma da tsutsar ciki sun samu wurin zama.

Wanda wannan hanyar ta dace dashi shine mai kiwo na gaske, irin masu kiwon Fashiyan ɗin nan masu dogon gashi da ake yayi yanzu a Kano da Kaduna da Abuja, wanda ya san wa zai saya, yake hutar da uwar tsakanin haihuwa, yake da kuɗin tiyatar gaggawa in haihuwa ta gardama, don masu shafaffen hanci da babban kai sun fi na gida samun matsalar naƙuda. In ba haka kake ba to ba kiwo kake ba, ka dai bar abin ne yana tafiya da kansa. Maganar da ake cewa wai sai ta haihu ko sau ɗaya ne kafin a mata aiki don lafiyarta, babu ita a likitanci, akasin haka ma aka gani.

Kulle kuma fa? Shi a baki yafi kowanne sauƙi, tunda ba namiji ba ciki. Matsalar tana cikin yadda Allah ya yi jikin kyanwa, ita bata sakin ƙwai sai an barbare ta a mafi yawan lokuta, so in ba a barbare ta ba kukan zai yi kamar sati ɗaya ya lafa, bayan sati biyu ko uku ya dawo, haka zata yi ta zagayowa wata da watanni. Bata cin abinci sosai a lokacin, wasu har fitsari suke fesawa a labule da kujera don kiran namiji. Kuma gidajenmu ba irin na bene mai ƙofa ɗaya bane, akwai tsakar gida, akwai zaure, akwai yara masu shiga da fita, ga taga da ake buɗewa saboda zafi in an ɗauke wuta. Minti biyar ta samu ya isa. Kuma ko ka yi nasara ka tsare ta shekara da shekaru baka kare ta daga cutar mahaifa da ta nono ba, tunda sinadaran sha'awa na jikinta suna nan suna aiki. Kulle dabara ce ta ɗan lokaci, misali kana tara kuɗin aiki ko kana jiran ranar da likita ya baka, a nan kam yana da amfani sosai.

Yanzu allura, kuma a nan zan daɗe don ita ce mutane suka fi ruɗuwa a kai. Abin da ake yi shine a je kemis a sayo allurar tazarar haihuwa ta mata, wadda aka fi sani da Depo-Provera ko allurar wata uku, a samu wani ya ɗiba ya tsira wa kyanwa. Wasu kuma ƙwayoyi suke daka mata a abinci. Kuma gaskiya ne tana aiki, kukan yana tsayawa, muzurai su watse, mutum yaga ai ya samu mafita da ɗan kuɗi kaɗan. Shi yasa wuyar hana mutane ita, amfanin a gabanka yake cikin kwana biyu, illar kuma sai bayan watanni take fitowa lokacin da ba wanda zai tuna da allurar.

Abin da ke cikinta sinadari ne mai kwaikwayon furojestaron, wanda jiki yake fitarwa lokacin ciki. Kwalba ɗaya ta mata miligiram 150 ce, an auna ta ne don babbar mace, kyanwa kuwa kilo 3 zuwa 4 ce, to wanda yake ɗiba da ido a kemis da wane ma'auni yake aiki? Ko da an auna daidai ma, sinadarin yana sa bangon mahaifa ya kumbura ya yi ta tara ruwa, ƙwayoyin cuta su samu wuri, mahaifa ta cika da mugunya. Wannan cutar likitoci suna kiranta payometira kuma tana kisa. Wani lokacin zaka ga ruwa mai wari yana fita ta bayanta, wani lokacin kuma bakin mahaifar a rufe yake babu abin da zai fito, sai dai kaga ciki ya kumbura kamar mai juna biyu, ta daina cin abinci, tana yawan shan ruwa, tana amai, ta lafe wuri ɗaya. Maganinta a ƙarshe tiyatar nan dai da aka guda, sai dai yanzu a kan dabbar da take tsakanin rai da mutuwa za a yi, kuɗin ya ninka haɗarin ya ninka.

Ba mahaifa kaɗai ba. Irin wannan sinadarin yana iya sa nonuwan kyanwa su kumbura suyi manya-manya cikin 'yan makonni har fata ta tsage, an ga haka ko bayan allura ɗaya tak, musamman a ƙananan kyanwoyi. Yawan maimaita shi yana ƙara haɗarin ciwon dajin nono, yana kawo ciwon suga, yana sa ƙiba. Sai wanda yafi ban tausayi, in aka yi mata allurar alhali ta riga ta ɗauki ciki ba a sani ba, kuma hakan yana yawan faruwa tunda sai an ga muzurai ake tunawa da allura, sinadarin yana hana naƙuda zuwa a lokacinta, 'ya'yan su mutu a ciki su fara ruɓewa.

Kar in zalunci maganar, likitocin dabbobi su ma suna da irin waɗannan magungunan nasu na dabbobi, kuma sukan yi amfani dasu ga mai kiwon da yake son ɗage haihuwa na ɗan lokaci, da ƙaramin awo, bayan sun tabbatar babu ciki, kuma ba a jere shekara da shekaru ba. Wannan daban, abin da ake yi a unguwa daban. Akwai kuma wani ɗan abu da ake sakawa a ƙarƙashin fata mai suna Suprelorin wanda yake dakatar da haihuwa na watanni sannan ya sake, an fi amfani dashi a Turai ga karnuka maza da muzurai, yana da tsada kuma sai an yi ta sabuntawa, so ga mai kyanwar gida ba shine mafita ba. In ka lissafa ma kuɗin allura duk wata uku har tsawon rayuwar kyanwa, wadda zata iya kai shekara 12 zuwa 15 in ana kula da ita, arahar bata nan.

Sai tiyata. Ta mace ana mata allurar barci ne gaba ɗaya, a aske gashin wurin, a yi ɗan yanka ko dai a tsakiyar ciki ƙasan cibiya ko a gefe ta kwiɓi, duka biyun daidai ne ya danganta da inda likitan ya koya, a Ingila an fi yin na gefe a Amurka an fi yin na tsakiya. A ɗaure jijiyoyin jini a cire ma'ajiyar ƙwai da mahaifa a ɗinke. A hannun wanda ya saba baya wuce minti 15 zuwa 30, yawanci ranar zaka koma da ita gida. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Kuka ya ƙare, ciki ya ƙare, mugunyar mahaifa babu ita tunda tushen ya tafi.

Babbar ribar da ba a gani da ido ita ce ta ciwon dajin nono. A kyanwa in ƙari ya fito a nono, sama da 8 cikin 10 mugun iri ne mai yaɗuwa, ba kamar a karnuka ba da kusan rabi ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Fensilbeniya a Amurka aka wallafa a 2005 ya nuna kyanwar da aka yi wa aiki kafin wata 6 haɗarin wannan ciwon ya ragu mata da kashi 91 cikin ɗari, wadda aka yi wa kafin shekara ɗaya kashi 86, bayan nan kuma ribar tana zubewa sosai, in ta wuce shekara biyu kusan babu. Wannan ne yasa lokaci yake da muhimmanci. A da wata shida ake cewa, amma tunda aka ga da yawa suna ɗaukar ciki kafin nan, ƙungiyoyin likitocin dabbobi na Amurka suka koma cewa kafin wata 5, a Ingila kuma masu kula da kyanwoyi suna cewa wata 4. Wadda ta riga ta girma ko ta haihu ma ana mata, ta samu hutun haihuwa da kariya daga cutar mahaifa, sai dai a jira ta yaye 'ya'yan nono ya ɗan ƙafe.

Dalilin da nace ka tambayi me za a cire, in aka cire mahaifa kawai ko aka ɗaure hanya aka bar ma'ajiyar ƙwai, bazata haihu ba amma kukan da kiran muzurai yana nan, haɗarin nono ma yana nan. Haka in aka bar ɗan guntu ba a cire duka ba, bayan watanni sai kaga ta dawo da birgima, in hakan ta faru ka koma wurin likita.

Na namiji yafi sauƙi da araha sosai don ba a shiga ciki. Allurar barci, ɗan tsaga biyu a jakar, a cire, sau da yawa ko ɗinki ba a yi, 'yan mintuna an gama. Abin da zaka samu a nan ba maganar ciki bace tunda ba shi yake ɗauka ba, maganar zaman lafiya ce. Muzurun da ba a fiɗiye ba yana fesa fitsari mai ƙarfin wari a bango da ƙofa da katifa don shata iyakarsa, yana ɓacewa kwana da kwanaki, ya dawo kunne a yage fuska da ƙurji, wata rana kuma bazai dawo ba, mota ko kare ko yaran unguwa. Ta hanyar cizon faɗan nan ne suke ɗaukar wata cuta mai karya garkuwar jikin kyanwa da ake kira FIV, wadda aka gano a Kalifoniya a 1986, bata kama mutum amma bata da magani. Bayan fiɗiya kusan 9 cikin 10 suna daina fesa fitsarin ko su rage sosai, yawo da faɗa ma haka, wanda aka yi wa tun bai fara ba kuwa yawanci baya ma koya. Abu biyu ka riƙe, har kusan sati shida bayan aiki zai iya yi wa mace ciki da ragowar abin da ke hanya, sannan wasu musamman Fashiyan ɗaya daga cikin marainan baya saukowa yana maƙale a ciki, wannan sai an buɗe an nemo shi, kuɗin zai ƙaru kuma bai kamata a bar shi ba.

Dan Allah kar wanda ya kai muzuru wurin mai dandaƙar bunsuru ko ya ɗaure masa da roba. Abin da ake yi wa taure da sa da ƙarfen matsewa an yi shi ne don dabbar da jakarta take rataye, ta kyanwa a manne take da jiki ƙarƙashin jela dab da mafitsara, azaba ce zalla kuma wurin yana ruɓewa.

Tsoron da mutane suke ji game da tiyata ba na banza bane. Na farko kar ta mutu a kan tebur. Yana faruwa, duk allurar barci tana da haɗari. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya aka fitar a 2008 ya samu kusan kyanwa 1 cikin 900 masu lafiya tana mutuwa sanadin allurar barci. Wannan a inda kayan aiki suke ne, so wurin da ka zaɓa da hannun da zai yi sune rabin maganar. Na biyu ƙiba, ita ma gaskiya ce, bayan aiki cin abinci yana ƙaruwa buƙatar jiki kuma tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in ka cigaba da cika mata kwano yadda ka saba zata yi teɓa, maganin kawai ka rage awo ka bar ta tana motsi. Na uku wai zata daina kama ɓera, wannan kam ba haka bane, farauta ba daga sinadarin sha'awa take ba, wanda aka fiɗiye ma yafi zama a gida kusa da rumbu da sito a maimakon yawon neman mace a wata unguwa. Na huɗu shine ba a dawowa, in an cire an cire, so in kana da niyyar samun 'ya'ya daga gare ta ka yanke shawara tun kafin.

Ta fuskar addini malamai sun yi saɓani tun da can a kan fiɗiye dabbar da ba a ci. Wasu sun hana saboda cutarwa da canza halitta, wasu sun halatta in akwai maslaha ko kawar da cuta, kuma kowa ya san ana layya da rago fiɗiyayye. Cikin malaman wannan zamanin Shaikh Ibn Usaimin ya bada fatawar cewa in kyanwoyi sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin bazai azabtar dasu ba to babu laifi, hakan ya fi a bari a zo ana kashe su. A Turkiyya dokar da aka yi a 2004 ta ɗora wa ƙananan hukumomi su kama dabbobin titi su musu wannan aikin da rigakafi su mayar dasu inda suke, duk da a 2024 an canza ta a kan karnuka, shi yasa a Istanbul zaka ga kyanwoyi da ɗan yanka a kunne, alamar an musu ce. Wanda zuciyarsa bata natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda dashi, amma ya faɗa masa duka labarin, har da cewa da allurar barci ake yi, har da inda 'ya'yan suke ƙarewa in an bar ta.

Masu karnuka kar ku ɗauki lissafin kyanwa ku ɗora wa kare kai tsaye. Karya sau biyu take neman barbara a shekara, so kulle yana yiwuwa a kanta fiye da kyanwa. Mugunyar mahaifa kuwa tafi yawa a karnuka, a Suwidin inda ba a cika musu aiki ba an samu kusan 1 cikin 4 tana kamuwa kafin shekara 10. Amma a manyan karnuka binciken Jami'ar Kalifoniya ta Debis daga 2013 ya nuna yin aikin da wuri yana ƙara matsalar gaɓoɓi a wasu jinsuna, shi yasa yanzu ake cewa ƙaramin kare da bazai kai kilo 20 ba a masa wajen wata 6, babba irin Jaman Shefad na gadi a jira ya gama girma tsakanin wata 9 zuwa 15. Allurar wata uku kuwa a karya ma haɗarin ɗaya ne.

In kuɗi ne matsalar, kuma ga yawancinmu shine, ga yadda nake ganin ya kamata a jera. Kana da mace da namiji kuɗin ɗaya kawai ke hannu, fara da macen duk da tafi tsada, don in ka fiɗiye namijinka ka bar ta muzurun maƙwabta zai yi aikin. Namiji kaɗai gareka, yi masa kafin ya fara fesa fitsari, wajen wata biyar. Mace ce kuma kuɗi bai haɗu ba, kulle ta ka toshe taga ka jure kukan kana tarawa, kar ka je kemis. In an riga an mata allurar a baya ba a makara ba, ka daina, ka faɗa wa likita sau nawa aka yi da yaushe aka yi ta ƙarshe, ya duba nonuwa da ciki ya sa ranar aiki. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri suna irin wannan aikin, ga asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu, ka tambayi kuɗi a wuri biyu ko uku kuma ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da magani da cire zare.

Wanda zai yi aikin ya zama likitan dabbobi ne mai rajista da hukumar kula da likitocin dabbobi ta Najeriya wato VCN, ba mai sayar da maganin kaji ba, kuma ka tambaye shi kai tsaye ko ya saba yi wa kyanwa, don da yawa shanu da tumaki da kaji suka fi sabawa dasu kuma awon maganin kyanwa daban ne. Likitan kirki zai auna nauyinta kafin allura, zai tambaye ka ko tana cin abinci lafiya, zai so a fara bata maganin tsutsa da rigakafi in ba a yi ba, zai gaya maka ƙarfe nawa zaka ɗauke mata abinci kafin aiki don kar ta yi amai tana barci ya shige mata huhu. In ka ga za a yi a kan benci babu safar hannu babu kayan da aka dafa, ɗauki kyanwarka ka tafi.

Bayan aiki ka ajiye ta a ɗaki mai tsabta ba ƙasa ba yashi, kar ta hau katanga ko ta yi tsalle kwana 10 zuwa 14, kar ruwa ya taɓa wurin, kar ka shafa mata komai a kai ko man zafi ko toka ko gishiri. Zata so ta lashe ɗinkin ta cire zaren, so a sa mata abin wuyan nan na roba ko a ɗinka mata 'yar riga da tsohuwar rigar jariri ta rufe cikin. Ka duba wurin safe da yamma, in kaga ya buɗe, ko yana fidda ruwa mai wari, ko jini baya tsayawa, ko ta wuce kwana ɗaya bata ci komai ba, ka kira likita a ranar. Maganin ciwo kuma wanda likitan ya baka kaɗai zaka bata. Kar tausayi yasa ka ɓallo mata farasitamol, hantar kyanwa bata iya sarrafa shi, yana lalata mata jini, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, haka ma ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki na mutane.